Yadda Ake Ɗinka wa Karen Farauta Riga Mai Mayar da Hasken Rana, da Yadda Ake Amfani da Ita a Bazara

Daga tsakiyar watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, zafin rana a ƙauyukanmu na Jigawa da Kano yakan kai digiri 40, wani lokaci ma ya haura, kuma a daidai wannan lokaci ne gonaki suke fili, ciyawa ta bushe, samari suke fita daji da karnukansu. Karen da ya fi shan wahala a irin wannan yanayi shi ne siririn nan mai dogayen ƙafafu, mai zurfin ƙirji da shafaffen ciki, wanda muke ji da shi saboda gudu. Irinsa ne Turawa suke kira wifet, wanda ya samo asali a arewacin Ingila cikin ƙarni na 19, inda masu haƙar kwal suke kiwonsa domin tsere da kamun zomo, kuma gudunsa yakan wuce kilomita 50 a awa ɗaya. Karnukan Buzaye na yankin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, da yawancin karnukan farautarmu na gida, duk ƙirar jikinsu ta yi kama da tasa: fata sirara, gashi gajere, ba kitse. Abin da zan bayyana a nan ya shafe su duka.

Kafin a taɓa almakashi, ya kamata a san yadda kare yake fitar da zafi daga jikinsa, domin wanda bai san wannan ba zai iya ɗinka rigar da za ta kashe masa kare. Kare ba ya gumi kamar mutum, ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafarsa yake. Babbar hanyarsa ita ce haki: yana zaro harshe, iska tana shiga tana fita, damshin bakinsa da na hancinsa yana bin iska, zafi yana tafiya tare da shi. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39, kuma idan ya wuce 41 to an shiga haɗari, domin daga nan ƙoda da hanji da ƙwaƙwalwa suke fara lalacewa. Zafi kuwa ta hanya biyu yake taruwa masa. Akwai wanda rana take zuba masa a gadon baya, akwai kuma wanda tsokarsa take haifarwa yayin gudu. Kare mai kaurin gashi yana da ɗan abin da yake tare masa rana, amma siririn kare mai gajeren gashi kusan a kan fatarsa take sauka, musamman idan baƙi ne ko jaja-jaja mai duhu.

Riga mai mayar da hasken rana maganin zafin da rana take zuba masa ce kawai. Inuwa ce da kare yake yawo da ita a bayansa. Ba ta sanyaya shi, ba ta cire zafin da gudu ya tara masa, kuma da zarar ya shiga inuwa ta gaske amfaninta ya ƙare. Duk sauran bayanin da zai biyo baya a kan wannan ya ginu.

Mataki na farko shi ne zaɓen ƙyalle, kuma a nan ne na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Ina da wani baƙin kare da muke kira Duna, kuma a shekarar da na fara tunanin yi masa riga, sai na sayo abin nan mai ƙyalli da direbobi suke shimfiɗawa a gilashin gaban mota, na yanka, na ɗaura masa, ina ganin na yi dabara. Ba mu yi tafiyar rabin awa ba sai na ga yana jan ƙafa, harshe ya zubo har gefe. Da na zura hannu ƙarƙashin rigar sai na ji kamar na sa hannu a tukunyar da aka sauke yanzu. Wani dattijon maharbi da muke tare da shi ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka rufe masa rana, ka kuma rufe masa iska. Cire masa wannan abu tun kafin ka dafa shi." Na ce, "To, Baba," na kwance ta nan take. Abin da ya faru shi ne, wannan abin mota leda ce da soso a ciki, yana mayar da haske sosai amma iska ba ta ratsa shi, don haka zafin jikin karen ya rasa mafita.

Ƙyallen da ya dace dole ya cika sharaɗi biyu tare: ya mayar da haske, kuma iska ta wuce ta cikinsa. Wanda ya fi kowanne shi ne raga mai ruwan azurfa, wadda ake saƙawa da siraran zare masu rufin alminiyom, irin wadda masu lambun zamani suke shimfiɗawa a kan rumfar shuka.  Idan ba a same ta ba, farin alawayyo marar kauri ya wadatar, kuma ana samunsa a kowace kasuwar ƙauye, balle a Kantin Kwari. Ba banza ba kakanninmu suka zaɓi farar riga mai faɗi domin tafiyar rana. A guji leda, da buhun taki, da yadin roba mai santsi, da duk wani abu mai duhu. A kuma lura da cewa rigar nan mai ratsin ƙyalli da masu aikin titi suke sawa wani abu ne daban: ratsin nata yana mayar da hasken fitilar mota ne domin a ga mutum da dare, ba a yi shi domin zafin rana ba.

Akwai gwaji biyu da ake yi tun a gaban mai yadi ko da an dawo gida. Na ɗaya, a kara ƙyallen a baki a hura, a sa tafin hannu a ɗaya gefen. Idan ba a ji iska ta fito ba, a ajiye shi. Na biyu, a sami duwatsu biyu masu kama da juna, a ajiye su a rana da hantsi, a rufe ɗaya da ƙyallen a bar ɗaya a buɗe, bayan rabin awa a taɓa su. Idan bambancin bai fito fili a hannu ba, ƙyallen ba zai yi wa kare wani amfani ba.

Mataki na biyu shi ne awo. A tsayar da karen a kan ƙafafunsa huɗu, wani ya riƙe masa kai, a ɗauki tef ɗin tela a auna wuri uku: tsawon baya daga inda wuya ya haɗu da kafaɗa zuwa gindin wutsiya, sai kewayen ƙirji a wurin da ya fi zurfi, wato dab da bayan ƙafafun gaba, sai kewayen gindin wuya. Duna ya ba ni inci 20 a baya, 24 a ƙirji, 13 a wuya, amma kowa ya auna nasa, domin ko 'yan ciki ɗaya ba sa zuwa daidai. Sai a ƙara awo na huɗu wanda mutane suke mantawa, shi ne daga tsakiyar gadon baya zuwa ƙasa, har inda haƙarƙari ya fara lanƙwasawa ciki. Nan ne iyakar rigar ta kowane gefe. Kada ta sauka ta rufe ciki, da hammata, da matsematsin cinya, domin waɗannan wurare ne marasa gashi da iska take sanyaya shi ta nan, kuma rana ba ta kai musu.

Mataki na uku shi ne yanka da ɗinki. Ya fi kyau a fara zana siffar a takardar buhun siminti ko tsohuwar jarida, a yanke, a ɗora wa karen a gani kafin a ɓata yadi. Siffar kamar ta jalalar doki take, sai dai ta fi faɗi a wajen kafaɗa ta tsuke a wajen ƙugu, kuma tun da bayan irin wannan kare yana da ɗan doro a wajen ƙugu, dole a cire 'yar tsinin yadi a baya a haɗe, in ba haka ba rigar za ta tsaya sandararriya kamar faifai, iska tana ɗaga ta. A wajen wuya a yanke rabin da'ira, a bar kunnuwan yadi biyu da za su haɗu a gaban ƙirji.

Idan ragar azurfa aka samu, tana bukatar shafi na farin alawayyo a wajen kafaɗa da bakin wuya kawai, domin tana da kaushi kuma fatar waɗannan karnuka ba ta jure guga. Kwana biyu sun isa ta cinye gashin kafaɗa ta bar ja. Sauran jikin a bar shi raga zalla. Idan alawayyo ne, a bar shi falle ɗaya, a kalmashe bakinsa. Tela zai so ya ninka shi biyu domin ya yi ƙwari, kuma haka nawa ya so ya yi, har ya ce mini, "Malam, falle ɗaya ai ba zai kai damina ba." Na ce masa, "Maigida, ɗinka shi haka nan, in ya yage na dawo." Gara a sake ɗinki sau biyu a shekara da a ɗora wa kare bargo a watan Afrilu.

Maɗauri biyu ake sawa, ɗaya a gaban ƙirji, ɗaya ya zagayo ta ƙarƙashin ƙirji, kimanin yatsu uku a bayan ƙafafun gaba domin kada ya goge hammata. A yi su da yadi mai taushi mai faɗin inci ɗaya da rabi. Maɗaurin nan mai kama kansa irin na takalman yara yana da sauƙin sawa, kuma yana da wata fa'ida, wato idan rigar ta maƙale a ƙaya yakan ɓalle da kansa karen ya fita, sai dai ƙura da ƙarangiya suna cika shi cikin mako guda ya daina kamawa, don haka sai an riƙa tsefe shi. Kada a sa zoben ƙarfe ko maɓallin ƙarfe a inda zai taɓa fata, domin ƙarfe yana ɗaukar zafi ya ƙona. Idan an ɗaura, a tabbata tafin hannu yana shiga tsakanin rigar da bayan karen ba tare da matsi ba. Wannan 'yar tazarar ita ce hanyar iska.

Mataki na huɗu, sabo, ba ya bukatar dogon bayani. A fara sa masa ita a gida da yamma na minti biyar, a ba shi abin da yake so, gobe a ƙara lokaci. Cikin kwana uku ko huɗu yawancinsu sun daina juyawa suna cizonta.

Inda aikin yake shi ne sanin lokacin sawa da lokacin cirewa. Ana sa rigar ne idan kare zai yi tafiya a hankali ko zai tsaya a fili ƙarƙashin rana: hanyar zuwa daji da dawowa, rakiyar garke, zaman gadin lambu ko gonar rani inda babu itace, da jiran mota a bakin hanya. Ana cire ta da zarar an isa inuwa, ana cire ta kafin a sake shi ya bi zomo, kuma ba a barinsa ya kwana da ita. Dalilin cirewa kafin gudu biyu ne. Na farko, a lokacin gudu zafin da yake fitowa daga cikin jikinsa ya ninka wanda rana take ba shi, kuma kowane ƙyalle, komai sirantakarsa, yana rage fitarsa. Na biyu, kare mai gudun kilomita 50 a awa idan rigarsa ta kama a sarƙaƙiya ko reshen aduwa, zai iya karya wuya ko ya yage fata. Saboda haka rigar takan yi rabin yini a cikin jakata, kuma hakan daidai ne.

Haka kuma rigar ba ta ba mutum izinin fita a lokacin da bai kamata ba. Daga ƙarfe 11 na safe zuwa bayan la'asar, a watannin Afrilu da Mayu, wurin kare inuwa ne, da riga ko babu. Ko an tare masa rana daga sama, yashi yana gasa shi daga ƙasa, ga shi kuma a ƙafa yake ba takalmi. A ɗora bayan hannu a kan yashin a ƙirga bakwai a hankali. Idan ba a iya jurewa ba, shi ma tafin ƙafarsa ba zai jure ba. Wanda yake so ya yi farauta a bazara ya fita bayan sallar asuba, ya juyo kafin hantsi ya yi ƙarfi. Kuma karen da ya yi hunturu yana kwance a gida kada a kai shi doguwar fita ranar farko da zafi ya sauka, a ba shi kamar mako biyu ana ƙara masa nisa kaɗan-kaɗan har jikinsa ya saba. Idan za a ɗauke shi a bayan a-kori-kura, a shimfiɗa masa buhu ko tabarma domin ƙarfen ƙasan yana ƙuna, kuma ko da wasa kada a bar shi a cikin mota a rufe.

Akwai wata dabara da take ƙara wa rigar alawayyo amfani, wato jiƙa ta. Mu a Jigawa ba baƙi ba ne ga wannan hikima, domin ita ce ta randa, kuma ita ce malamin nan na Dutse, Mohammed Bah Abba, ya yi amfani da ita wajen yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, aikin da ya samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ruwa idan yana bin iska yana tafiya da zafi. Don haka a tsoma rigar a ruwa, a matse ta har ta daina ɗiga, a sa masa. A watan Maris da farkon Afrilu, lokacin da iska take a bushe ƙayau, wannan yana aiki ƙwarai, sai dai rigar takan bushe da wuri, kuma dole a riƙa taɓawa ana sake yayyafa mata ruwa. Amma idan hadari ya fara haɗuwa, iska ta yi nauyi, mutum yana gumi ba ya bushewa, to jiƙaƙƙiyar riga ta zama ɗumi a jikinsa, sai a daina jiƙawa.

Ruwan sha kuwa ba a wasa da shi. Kare mai nauyin kilo 14 yana bukatar abin da ya kusa lita ɗaya a rana ko yana zaune, kuma a ranar zafi da aiki bukatarsa takan ninka. A riƙe masa gorarsa daban da ɗan kwanonsa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kowane zango maimakon a bari ya kwankwaɗa da yawa lokaci guda. A gida a keɓe masa kasko nasa na ƙasa a inuwa, wanda ba ya haɗuwa da kwanukan mutane, hakan ya fi tsabta kuma ya kawar da damuwar wanke abin da ya yi lallage a ciki. Wurin kwanciyarsa ya zama ƙarƙashin darbejiya ko tsamiya, ko gawo, wanda Allah ya yi shi yana riƙe ganyensa da rani ya zubar da damina. Rumfar kara ta fi ta kwano sanyi nesa ba kusa ba, kuma idan ta kwanon ce kawai ake da ita, a nan ne abin gilashin motar nan yake da amfani, a shimfiɗa shi a saman kwanon a danne da duwatsu. A yayyafa ruwa a ƙasan wurin da rana tsaka. Za a ga karen ya tona ɗan rami ya kwantar da cikinsa a ciki. Idan ɗaure shi ake yi, a lura cewa inuwar safe ba ita ce ta azahar ba, igiyar ta kai shi duk inda inuwar za ta koma.

Duk da wannan shiri, wajibi ne mai kare ya san alamun bugun zafi. Yakan fara da haki mai ƙarfi wanda ba ya lafawa ko an tsaya, harshe ya yi faɗi ya yi ja wur, yawu ya yi kauri yana yauƙi. Daga nan sai dasashi ya yi ja sosai ko ya koɗe, karen ya fara tangaɗi kamar ƙafafun baya ba nasa ba, ya daina amsa kira, wani ya yi amai ko zawo, har da jini, daga ƙarshe ya faɗi. Tun a alamar farko ake tsayawa. A cire rigar, a kai shi inuwa, a riƙa kwarara masa ruwa mai sanyi irin na randa ko na rijiya a wuya, da ƙirji, da ciki, da matsematsin cinya, wani kuma yana yi masa fifita da faifai ko hula ba ƙaƙƙautawa. Idan akwai rafi ko kududdufi kusa, a tsoma jikinsa a riƙe kansa a sama. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, domin yana tsare zafin. Idan yana iya sha da kansa a ba shi kaɗan, idan ba ya iyawa kada a ɗura masa, ruwan zai iya shiga huhu. Kada a ba shi maganin zazzaɓi na mutane. Wannan ba zazzaɓi ba ne, kuma wasu daga cikin magungunan, irin su ibuprofen, guba ne ga kare. A fara sanyaya shi tukuna sannan a nemi abin hawa, a ci gaba da jiƙa shi a hanya har a kai ga malamin dabbobi, ko da ya miƙe yana kaɗa wutsiya, domin illar da zafi ya yi wa ƙoda takan bayyana ne bayan kwana ɗaya ko biyu. Wanda yake da ma'aunin zafi ya daina zuba ruwa idan ya sauko kusan digiri 39 da rabi, kada sanyin ya wuce kima.

Kula da rigar kanta abu ne mai sauƙi amma na kullum. Kowace yamma a kakkaɓe ta, a cire ƙarangiyar da ta maƙale, musamman ta cikin maɗauri, sannan a shafa jikin karen da hannu a duba kafaɗa da hammata ko akwai wurin da ya goge, a kuma duba kaska, domin tana son ɓuya a inda ƙyalle ya rufe. Jar ƙurarmu tana dusashe farin yadi da ƙyallin raga, kuma rigar da ta yi dauɗa ta rage mayar da haske, don haka a wanke ta duk bayan kwana uku ko huɗu da sabulun wanki, a ɗauraye sosai, a shanya. Ragar azurfa ba a murza ta da ƙarfi, ana jiƙa ta ne a girgiza a cikin ruwa, in ba haka ba rufin alminiyom ɗin zai kankare. Wanda yake da hali ya ɗinka biyu, ɗaya tana jiki ɗaya tana kan igiya. Idan ruwa ya zauna a watan Yuni, a wanke ta wankin ƙarshe, a naɗe a sa a cikin jaka inda ɓera da gara ba za su kai ba, kuma idan bazara ta zagayo a sake auna ƙirjin karen kafin a ɗaura masa, domin ɗan kwikwiyon bara ya cika, tsohon kuma wataƙila ya rame.